Mara Lafiyan da Ba a Faɗi Sunansa Ba

Balkisu ta jingina wayar da kwalin safar hannu a bakin taga, inda nan ne kaɗai sabis ke zama a ƙaramin asibitin Kuberi. Fuskoki suka fara bayyana ɗaya bayan ɗaya a ƙananan akwatuna: ma'aikatan lafiya na ƙauyukan Jega da Aliero da Maiyama, kowa a ɗakin aikinsa. Duk ranar Alhamis haka suke haɗuwa da manyan likitoci na asibitin koyarwa a Sakkwato. Mutum ɗaya ya kawo matsalar mara lafiyan da ta gagare shi, ba tare da ambaton suna ba, a tattauna, a ba shi shawara. Yau ita ce.

Sai ta ga sunan Junaidu ya fito a ƙasa.

Junaidu abokin aikinsu ne, a Katanga yake aiki, kuma ya daɗe bai shiga ba saboda can intanet ba ta kamawa. Da wannan ta dogara lokacin da ta zaɓi mara lafiyan da za ta gabatar. Yau ga shi zaune a wani ofis a Jega, fanka na juyawa a bayansa, yana ɗaga wa mutane hannu.

Mara lafiyan kuwa mahaifinsa ne, Malam Waliyyu, wanda ya koya wa Balkisu karatun allo tun tana ƙarama. Makonni ke nan yana zuwa wurinta bayan la'asar, lokacin da mutane suka ragu. Da farko nama ne ba ya wucewa, sai tuwo, yanzu kunu ma sai ya tsinka shi da ruwa. Ta ba shi maganin olsa, bai yi komai ba. Ranar da ta ce ya kamata a sanar da 'ya'yansa, ya dube ta ya ce, “Ɗiyata, amana na ba ki. Junaidu ya ɗauki uwassu ya kai Birnin Kebbi, can ta cika a gadon ƙarfe, ba wanda ya yi mata kalimar shahada. Ni ba ni son haka.” Ya dai yarda ta nemi shawarar likitoci, muddin ba za a san shi ne ba.

“Malama Balkisu, muna sauraronki,” in ji Dakta Lailatu, likitar ciki da ke jagorantar zaman.

Balkisu ta yi tunanin ta ce sabis ya yanke. Ba wanda zai yi mamaki. Amma ta tuna yadda rigar Malam ta koma tana lilo a jikinsa, ta danna ta buɗe murya.

“Dattijo ne, ya haura saba'in,” ta ce. “Manomi.”

Ba ƙarya ba ce, yana da gonar albasa. Ta bayyana yadda haɗiya ta fara yi masa wuya, da ramar da ya yi, da maganin da ta ba shi. Tana magana tana kallon kwalin safar hannu, ba ta yarda ta dubi akwatin da Junaidu yake ba.

“Muryarsa fa?” Dakta ta tambaya.

“Ta dishe, ranki ya daɗe.”

“To, kafin in ce komai, me kuke gani?”

Zulkifilu na Aliero ya ce mai yiwuwa olsar ce ta yi tsanani, a canza magani. Wata daga Gehuru ta ce a gwada tarin fuka. Hoton ya tsaya cik na ɗan lokaci, bakin Dakta a buɗe, sannan ya dawo da muryar Junaidu a tsakiyar magana.

“...ba olsa ba ce. Abu mai tauri ya fara tsayawa, sannan mai laushi, ga rama, ga dishewar murya, ga shekaru. Ni ina tsoron daji ne a hanyar abinci. Kuma ya yi nisa.”

“Madalla, Malam Junaidu,” in ji Dakta. “Abin da ya kamata kowa ya fara kawowa a ransa ke nan, har sai gwaji ya nuna akasin haka.”

Junaidu ya gyara zama, ya ji daɗin yabon. “Abin da ke ba ni haushi, Dakta, ina 'ya'yan wannan bawan Allah? Mutum ba ya ramewa haka a rana ɗaya. Suna ina har ya kai ga kunu?”

Balkisu ta san Junaidu na kiran mahaifinsa kusan kullum, kuma ta san Malam mura yake ce masa.

Dakta ta yi bayani a natse. A tura shi asibitin koyarwa cikin makon nan, a zura masa na'ura ta baki a duba, a ɗebi nama a gwada. Ko da ba a iya warkarwa, akwai abin da za a yi ya riƙa haɗiye abinci, a rage masa wahala, ya koma gidansa. Kafin nan a ba shi abinci mai ruwa-ruwa kaɗan-kaɗan, yana zaune, kada ya kwanta da zarar ya ci.

“Ranki ya daɗe,” Balkisu ta ce, “idan ya hana a gaya wa iyalinsa fa?”

“Sirrinsa ne, ba naki ba. Ba za ki faɗa ba. Amma ki koma ki gaya masa gaskiyar abin da muke zato, kada ki rage. Sannan ki tambaye shi wa yake so ya tsaya kusa da shi. Mutane kan canza magana idan sun san abin da ke gabansu.”

“Idan ya yi gardama ki kira ni,” in ji Junaidu. “Na iya da tsofaffi.”

Wasu suka yi dariya. Balkisu ta kashe wayar.

Ta duba sauran marasa lafiya kamar a mafarki. Sau biyu ta sake auna jinin wata mai ciki saboda ta manta abin da ta gani. Da la'asar ba ta jira Malam ya zo ba, ta yafa mayafi ta nufi gidansa. Hanyar duk warin albasa, an baza ta a rumfuna tana shan iska.

Ta same shi a zaure kan buzu, kofin kunu a gefensa ya huce, ba a sha rabi ba. Ta durƙusa ta gaishe shi.

“Mi anka ce?” ya tambaya, da muryar da sai an matso ake ji.

Ta gaya masa duka, har da sunan ciwon. Ta gaya masa ba dole ne a riƙe shi a can ba, za a iya duba shi ya dawo ɗakinsa. Ya saurara yana jan carbi, bai katse ta ba. Da ta gama ya ce, “Alhamdu lillahi ala kulli halin. Ita likitar ce ta gano?”

Balkisu ba ta shirya wa wannan tambayar ba.

“Kafin ta yi magana wani daga cikinmu ya riga ya faɗa, Malam.”

“Wa?”

“Junaidu.”

Carbin ya tsaya a hannunsa.

“Ya san ni ne?”

“Bai sani ba. Ban faɗi suna ba, ban faɗi unguwa ba.”

“Daga jin bayani kawai?”

“Daga ji kawai.”

Malam ya dubi ƙofar zaure. Wani abu mai kama da murmushi ya ɗan taɓa bakinsa.

“Ashe ya iya aikin,” ya ce. “Mi ya ce kuma?”

Ta so ta ɓoye, amma ta gaji da ɓoyo. “Ya yi faɗa. Ya ce ina 'ya'yan mutumin suke.”

Malam ya runtse ido. Da ya buɗe, ya miƙo hannu, ƙasusuwan yatsunsa duk a waje.

“Wanga laifi ba nashi ba ne, bai kamata ya ɗauke shi ba. Kira min shi.”

Ta lalubo lambar, ta danna, ta sa masa wayar a hannu. Ta tashi ta koma bakin ƙofa ta ba su baya. Ta ji ƙarar shiga, ta ji sallamar Junaidu cikin fara'a, yana zaton ita ce.

“Ba Balkisu ba ce, ni ne,” in ji Malam. “Kana tsaye ko kana zaune? To, samu wuri ka zauna.”