Bangon Gabas

Uzairu ne ya sa aka shafe zauren gari da siminti.

Zauren nan kakanni suka gina shi, shekara uku da saukarsu bakin kogi daga Sakkwato. Tubalin hannu ne, kaurin bango kamu biyu, rufin azara. Nan ake ɗaurin aure, nan ake raba rigimar ruwan gona. Kowane gida da bangonsa. Kafin damina maza su fito, a kwaɓa ƙasa da kashin shanu, a yaɓe. Bangon gabas na gidan su Alhasan ne. Shekara hamsin yana yaɓe shi. A lungun taga akwai shatin tafin hannun ubansa, bai taɓa bari ƙasa ta hau kansa ba.

Da Uzairu, ɗan ƙanen Alhasan, ya zama shugaban lajna, wato kwamitin gari, sai ya ce baƙi daga birnin Wad Madani suna yi musu dariya, wai zaurensu kamar rumbu. Alhasan ya gaya masa ginin ƙasa numfashi yake yi. In aka rufe shi da siminti, ruwa zai shiga ta tsaga ya rasa mafita. Uzairu ya ce ya ji. Ya ɗauko leburori daga garin Hajj Abdalla, suka shafe, suka bi da koren fenti. Ranar farko tafin ya ɓace.

Damina biyu ba wanda ya kwaɓa ƙasa. A ta uku, ana fitowa daga sallar la'asar, bangon gabas ya zube. Simintin ya ɓare kamar ɓawon ƙwai, abin da ke ciki ya zama kunu.

Lajna ta yanke a rushe sauran, a yi na jan bulo. Sai dai hukuma ta ce ba izini sai wani dattijo da ya san ginin ya shaida abin da ya kayar da shi. Uzairu ya zo da takarda da tawada, ya durƙusa gaban Alhasan.

"Baba, yatsa kawai za ka dangwala, halas, shi ke nan."

Alhasan ba ya karatun takardun hukuma. Ya ce a karanta masa. Uzairu ya karanta, murya ƙasa-ƙasa, cewa ginin ya tsufa, magina na dā ba su da sani, shi ya sa ya faɗi.

"Ina sunan siminti a ciki?"

"Ba sai an sa ba, Baba."

Alhasan ya mayar da hannunsa cikin riga.

"Ba ni dangwalawa."