Dankali da Mariƙi

Shekara ashirin da biyu Wanetta tana yanka wa mahaifinta dankali, kuma ba na ci ba. Rabin dankali take sokewa da tsinken awon zafi, ta girke shi a kan ragar tanderun hayaƙi kusa da nama, don kada bakin tsinken ya taɓa ƙarfe ya yi musu ƙarya. Mahaifin nata, Tsoho Orval, da hannunsa ya ƙera tanderun daga tsohon tankin gas, kuma a duk yankin Lampasas babu wanda ya kama ƙafarsa a gashin naman ƙirjin bijimi. Shi ke da wuta, ita ke da dankali. Da yake bahaguwa ce, kuma akwatin wutar yana hagu, duk lokacin da dankalin ya yamushe ya kife, ta gefen zafin take zura hannu ta tayar da shi. Wuyan hannunta duk tabon ƙuna ne, tana kuwa alfahari da shi. Yanzu idon tsohon ya yi rauni, kowa a dangi ya san ya kusa ajiye aiki. Abin da ba a sani ba shi ne wadda zai bar wa tanderun.

Ranar taron dangi, da hantsi, sai ga ƙanwarta Charlene daga Houston, rungume da kwali. Charlene fa, wadda idan hayaƙi ya gifta ta kusa da gashinta sai ta sake wanka. Ta zazzage kwalin a kan tebur, sai ga mariƙan ƙarfe na maƙala tsinken awon zafi a raga, kala-kala suna ƙyalli: mai maganaɗisu, mai huda uku, gajere mai kama raga, da wani mai dogon hannu wanda ake matsawa ya buɗe baki.

Orval ya jawo kujera, baki har kunne. Ya yi kusan awa guda yana zaɓe. Mai maganaɗisu ya ce zafi zai kashe shi. Gajeren ya ce sai an kai yatsa har kan raga kafin a maƙala shi. Da ya kai kan mai dogon hannun sai ya tsaya, ya riƙe shi da hagu, ya matsa ya saki, ya matsa ya saki, ya miƙe ya gwada shi a raga, ya sake gwadawa. Mutumin da ko cokali bai taɓa ɗauka da hagu ba, yau ga shi yana wasa da ƙarfe don kawai 'yar lelensa ce ta kawo. Haka Wanetta ta karanta abin, tana tsaye da rabin dankali a aljihun rigar girki.

"Yaya, yau dai dankali ya samu hutu," in ji Charlene. "Ko mu soya shi ne, ya huta gaba ɗaya?"

Aka yi dariya, har da Baban. Wannan ce ta fi ƙona mata rai. Kishi ya turnuƙe ta, irin wanda ba ta ji ba tun suna yara, lokacin da ake ɗora Charlene a gaban mota ita a tura ta baya. Shekara ashirin da biyu tana shan hayaƙi, wata ta zo da kwali ɗaya ta ƙwace wurin. A ranta ta riga ta ga tanderun ɗaure a bayan mota, an nufi Houston da shi.

Da tsohon ya shiga gida shan maganinsa, ta duba hagu da dama, ta ɗauke mariƙin daga tebur, ta buɗe akwatin wuta ta cilla shi can ƙarƙashin garwashi. Ta gyara dankalinta a raga da sauri, har gefen ƙarfen ya lashe ta. Ta ji daɗi, gaskiya, na kamar minti biyar.

Da la'asar aka yanka nama, ya yi laushi yana zubar da mai. Ana cikin ci sai Orval ya buga cokali a kofi, ya ce Charlene ta miƙo masa mai dogon hannun. Aka duba tebur, aka duba kwali, aka leƙa ƙarƙashin kujeru, babu. Ya ce ba komai, zai fito. Sannan ya gaya wa dangi cewa shi ne ya kira Charlene tun wata biyu da suka wuce, ya ce ta sayo masa kowane iri ta gani, don yana neman wanda mai hagu zai maƙala daga nesa.

"Daga yau tanderun na Wanetta ne," in ji shi. "Amma ba zan bar mata shi ya ci gaba da cin hannunta ba."

Ana tafi, Charlene ta fi kowa. Wanetta ta ture farantinta. Ta tashi, ta ɗauki shebur ta tone tokar. Ta dawo da mariƙin a kan shebur ɗin, ya yi baƙi ƙirin, baki a wangale, ta ajiye a gabansa.

"Ni ce, Baba."

Orval ya jira ƙarfen ya huce, ya ɗauka da hagu ya matsa. Bai rufe ba, wuta ta kashe shi. Ya ajiye, ya kamo hannun 'yarsa ya juya shi, yana bin tabon da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya, har ya kai kan sabuwar ƙunar ta ɗazu.

"Ta goma sha huɗu ke nan," ya ce a hankali. "Na so a tsaya a sha uku."