Biyo Biyu a Akwati Ɗaya

Ni da Sabi benci ɗaya muka zauna shekara biyar a sakandaren unguwarmu, a Paraku. Ana saura wata huɗu jarrabawar fita ya ce ya gaji. Wani kawunsa ya samo masa aikin wanke tukwane a jirgin ruwa, a Kwatano. Da ma mun yi alkawarin mu gama mu tafi tare. Ranar da ya hau jirgin ƙasa ban raka shi tasha ba. Ina jin jiniyar daga ɗakinmu, ban ko leƙa ba.

Bayan sati uku kati ya zo. Hoton gada a gaba, a baya layi uku: "Biyo, ga Abijan. Ruwa ko'ina. Kana can kana kumbura baki?"

Gidanmu ba mu da akwatin gidan waya, na makaranta yake rubutawa. Duk Alhamis Baba Woru masinja zai ɗauko wasiƙu a keke, ya tsaya gindin mangwaro yana kiran suna. Kati ba shi da ambulan, shi zai fara karantawa kafin ya miƙo.

"Kai mai kumburin baki! Abokinka ya ce abincin Dakar ba ya ƙosarwa."

Haka suka riƙa zuwa. Dakar, Duwala, Lome, wani gari mai farin masallaci a bakin teku. Sabi bai taɓa wuce layi huɗu ba, kuma rabi zancen ciki ne: yana kewar sakwara da miyar gyaɗa, yana kewar soyayyen cuku na bakin tasha, wanda muke raba ɗaya mu yi faɗa a kan ɓangaren da ya fi ƙonewa. Adireshi babu, jirgi ba ya zama. Ina jera su cikin gwangwanin biskit. Goma sha ɗaya.

Na gama makaranta, ban ci jarrabawa ba. Na koma shagon kafinta na ƙanen babana. Na ci gaba da zuwa gindin mangwaro ranar Alhamis, har Baba Woru ya yi ritaya aka kawo wani. Sabon ya duba ya ce duk wasiƙar da ta zo ta isa ga mai ita. Sau biyar ina zuwa. Na daina.

Na ce a raina ya manta da ni. Na ma ji daɗin samun abin riƙewa. Shekara biyu ke nan.

Hutun da ya wuce aka ba shagonmu gyaran bencuna a makarantar. Na shiga wani aji, na ga bango cike da katuna an kafe da ƙananan ƙusoshi kewaye da taswira, kowane da zare zuwa garinsa. Ban kula ba. Ina buga guduma, kati ɗaya ya faɗo, bayansa a sama. Rubutun Sabi ko a duhu na san shi, kamar kaza ta yi tono.

"Biyo Gunu," da lambar akwatin makaranta.

Malamin ajin yana ofis yana cika takardu. Siriri, mai tabarau, baƙo daga garin Nikki. Na ajiye katin a gabansa.

"Malam, wannan nawa ne."

"Naka kamar yaya? Ga sunana a jiki."

"Sunana ne."

Ya cire tabarau. "Kai ma na uku ne a ɗakinku?"

"Na uku."

"Kuma Gunu?"

"Gunu."

A wurinmu duk ɗa namiji na uku Biyo ne, na biyu kuma Sabi. Ka tsaya kasuwa ka kira ɗaya, mutum goma za su waiwayo.

Ya dafe kai. "Wayyo, takwara! Ina da Sabi huɗu da muka yi karatu tare. Shekara biyu ina tunanin wanne ne a ciki ya haukace yake ce mini mai kumburin baki." Ya dube ni da kyau. "Yanzu kam na ga mai shi."

Ban yi dariya ba.

Shi da kansa ya ciro su, da bakin almakashi. Tara. Na zauna a bencin da ban gama gyarawa ba na jera su bisa hatimin kwanan wata. Sabi dai Sabi: zafi, amai a teku, wani kuku da ke zaginsa da yaren da ba ya ji. Na tara ne kawai ya cika har gefe.

"An kwantar da jirgi gyara a Duwala, wata uku. Ga adireshi, karon farko ina da shi. Rubuto ko layi ɗaya. In ban ji ka ba na san har yanzu kana fushi, ba zan ƙara damunka ba."

Hatimin wata goma sha huɗu da suka wuce ne. Bayansa babu wani.

"Na karanta," in ji malamin a hankali. "Na ce ni ba na fushi da kowa, sai na kafe shi."

Na tattara zan fita, ya ce in tsaya. Ya yage takarda daga littafinsa, ya miƙo da biro.

"Jirgin ya daɗe da tashi, Malam."

"Mai adireshin bai tashi ba. Masu jirgi suna komawa inda suka taɓa cin abinci."

Na daɗe ina kallon takardar. Na rubuta: "Na yi fushi, amma ba na shekara biyu ba. Wani Biyo ne ya cinye katunan. Ka rubuta Biyo kafinta." Na sa lambar akwatin makaranta a ƙasa.

Ranar nan ban gama bencin ba. Na wuce gidan waya da ƙurar katako a rigata, na bi layin sayen kan sarki.