Kaso na Uku a Tukunyar Tihomir

Barba Frane, wato Kawu Frane a yarenmu, shi ne ya koya mini nutso a teku ina 'yar shekara goma sha shida. Bayan shekara ashirin da tara, ran wata Juma'a a ƙarshen Yuli, sai ga shi zaune a bencin ɗalibaina, a bakin idon ruwan da nake koyarwa kusa da garin Sinj. Ya ɗora hularsa a gwiwa yana jira in koya masa shiga kogon ruwa.

Bai ɓoye mini dalilinsa ba. A ƙauyen da aka haife shi, can gindin dutse, akwai wani idon ruwa da ke ɓulɓulowa daga cikin kogo. An ba ƙungiyarmu izinin shigarsa na kwana uku kacal a mako mai zuwa, bisa sharaɗin babu mai shiga sai wanda ke da katin nutson kogo. Katin kuwa sai na sa hannu yake zama kati.

"Da ruwan nan uwata ta yi mini wankan farko," in ji shi. "Ina so in ga inda yake fitowa tun gwiwoyina ba su ƙi ni ba. Ki sa hannu kawai, Nevenka, mu huta."

"Ran Lahadi, Barba, in komai ya tafi daidai."

Ɗalibina na biyu Tihomir ne, mai gidan burodi a Sinj, ƙato mai kunya, wanda kullum yake zuwa mana da burodi mai zafi da cuku a ƙunshe cikin tsumma. Su biyun na haɗa abokan nutso.

Tun a kan kaya muka fara. Barba ya buɗe bayan motarsa ya nuna mini manyan tukwanen iskarsa na ƙarfe, waɗanda ya yi shekara talatin da takwas yana gyaran gindin jiragen ruwa da su. Na ce su zauna a mota. A matakin farko tukunya ɗaya kowa ke goyawa, girmansu ɗaya da ta abokinsa. Tocila uku. Ba a wuce zurfin mita talatin, ba a sakin babbar igiyar da aka ja tun daga bakin kogo, ba a kutsawa inda mutum biyu ba za su wuce kafaɗa da kafaɗa ba.

"Tocila uku? Ido biyu gare ni, yarinya."

"Ta ukun ta ranar da biyun suka mutu ce."

Sannan na rubuta musu lissafin iska a allo. Allurar agogon iska tana kan ɗari biyu da goma idan tukunya ta cika. Kaso ɗaya na shiga, kaso ɗaya na fita, kaso na uku ba a taɓa shi. Wanda duk allurarsa ta fara sauka ɗari da arba'in, ya ba da alama, a juya gaba ɗaya, ba tambaya.

Barba ya dubi cikin Tihomir ya girgiza kai. "To da wannan zugazugin, ai a bakin ƙofa za mu juya."

Tihomir ya yi dariya ya miƙa masa burodi. Gaskiya ce ma. Barba yana shan iska kamar mai kurɓar kofi, Tihomir kuwa kwankwaɗa yake yi.

Ran Asabar muka yi shiga ta sosai. Barba na gaba, Tihomir na biye, ni ina bayansu daga ɗan sama. Kallon Barba a ruwa abin sha'awa ne, ko ƙwayar laka bai tayar ba. Muna dab da wata kwana inda kogon ya karkata hagu, sai Tihomir ya kaɗa tocilarsa, ya juya yatsa. Ya kai ɗari da arba'in.

Barba ya waiwayo, ya duba nasa agogon. Ya haɗa yatsu biyu ya nuna masa "kaɗan ya rage," ya ci gaba. Tihomir ya ɗan tsaya, ya dubi igiyar da ta yi baya, ya dubi dattijon, sai ya bi shi. Kafin in sha gabansu in ɗaga babban yatsa, alamar a fita, sun yi mita goma sha biyu. Muka fito.

Ban yi magana ba sai da suka tuɓe kaya suka sha shayi. Ba na yi wa mutum gyara yana rawar ɗari.

"Tihomir, me ya sa ka bi shi?"

"Malama, ya girmi babana. Yaya zan ja shi baya?"

"Barba, kai fa?"

"Ɗari da saba'in da biyar nake da ita! Ko iskarsa ta ƙare ƙaf, zan fito da shi, in koma in ɗauko burodinsa. Kwanar kawai nake so in leƙa."

"Gaskiyarka, da ka fito da shi. To in taka ce ta lalace a kwanar nan fa?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Tawa ba ta taɓa lalacewa ba."

Na jawo allon. Lokacin da na tsayar da su, Tihomir yana da ɗari da ashirin. Casa'in ya sha wajen shiga, casa'in zai sha wajen fita. Saura talatin. Barba kuma yana bukatar arba'in kafin ya ga haske, in hankalinsa kwance yake.

"Kaso na ukun da ke tukunyar Tihomir ba nasa ba ne, Barba. Naka ne, ajiya yake yi maka. Yau ka sa shi ya sha maka ita."

"A teku ba haka muke yi ba."

"A teku sama a buɗe take. Kai ka koya mini: in abu ya ɓaci, ki yi sama a hankali. A nan dutse ne a sama."

Ya sa hularsa ya tafi ya zauna cikin mota. Mutumin da ya taɓa riƙe hannuna minti ashirin a ƙarƙashin ruwa har tsorona ya wuce ke nan. Na tattara kofunan shayi ina jin nauyin abin.

Ran Lahadi darasin ƙarshe shi ne fita da iskar mutum ɗaya, idanu a rufe. Akan liƙe gilashin fuska da baƙin ƙyalle, ɗaya ya zama wanda iskarsa ta ƙare, ya karɓi dogon tiyon abokinsa, su bi igiya da lalube har waje. Barba ya fara warware nasa tiyon don ya ba Tihomir.

"A'a, Barba. Kai ne taka ta ƙare."

Daga rabin hanyar jiya kawai na sa suka fara, ina dab da su da tawa iskar a shirye. Barba ya saki abin shaƙarsa, ya laluba, Tihomir ya sa masa tiyon a hannu. Suka kama hanya, Barba na gaba yatsunsa zagaye da igiya, Tihomir ya riƙe masa gwiwar hannu. A wani ƙulli Barba ya ɓata minti biyu yana neman inda igiyar ta ci gaba. Ina jin numfashin Tihomir yana ƙaruwa, kumfa na dukan rufin kogo. Na Barba ma ya canza. Ban taɓa jin yana shaƙa haka ba.

Da muka ɓullo, Barba ya juya wajen Tihomir. Ya cire gilashinsa, ya kamo agogon iskar Tihomir ya kawo kusa da ido. Saba'in. Ya daɗe yana kallonsa.

"Daga rabin hanya," ya ce.

"Daga rabin hanya."

"Yi haƙuri, Barba," in ji Tihomir yana haki. "Da na ji ranka a hannuna sai ƙirjina ya ƙi bin umarni."

"Rufe baki, zugazugi. Rabin wannan ni na sha."

A benci na fito da katunan biyu na ajiye ba tare da na buɗe biro ba. Na gaya musu darasin yau sun yi shi daidai, amma ƙa'ida ta ce sai na ga shiga biyu cikakku da aka juya a kan lokaci, ni kuwa ko ɗaya ban gani ba. Ranar da nake da ita ta gaba sai Satumba. Barba ya san abin da wannan ke nufi. Na jira ya tuna mini wanda ya koya mini nutso.

Ya juya hularsa a hannu sau biyu. "Da kin sa hannu, da na ce ban koya miki komai ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma kin ɓata mini rai, ki sani."

"Na sani, Barba."

Ran Alhamis muka je ƙauyen su Barba tare da ƙungiyarmu. Ya riga mu isa, ya kafa kujera a bakin ruwan da takarda a hannu. Duk wanda zai shiga sai ya tsayar da shi ya rubuta iskarsa, ya tambaye shi a nawa zai juya, har da waɗanda suka yi shekara ashirin suna shiga kogo. Tsofaffin ƙauyen suna tsaye a bayansa suna kiransa da sunan yarintarsa.

Da na fito, tun ban cire gilashi ba ya sunkuyo.

"Yaya yake?"

Na gaya masa: farin dutse ne sumul, rami ya gangara kamar matattakala, ruwan garau har kana manta da shi. A can ciki akwai kwana da ta yi dama, daga nan sanyin yake tahowa.

"Bayan kwanar fa?"

"Ban gani ba. Abokina ya kai kasonsa."

Ya dubi ruwan na ɗan lokaci. Sannan ya rubuta lokacin fitowata a takardarsa, ya ce in gaya wa mai burodi kada ya kuskura ya sa wani abu a Asabar ta biyu ta Satumba.