Tiyata Bayan Babi na Huɗu

"Farfesa ya fita taro," in ji sakatariya, ko ɗago kai ba ta yi daga wayarta ba.

"Taro! Ran nan ma taro kika ce." Mai Walda ya buga tebur da tafin hannu. "Baiwar Allah, mai takardun nan yana kwance, ko ƙofar gida ba ya iya fitowa."

"To ni ce zan karanta masa?"

Ya fito yana huci, ya tayar da babur. Shi da bai taɓa taka jami'a ba sai don gyaran ƙyaure, ga shi ya zama ɗan aike tsakanin ofishin Farfesa da gadon maƙwabcinsa.

Katanga ɗaya ce ta raba gidansa da na Injiniya. Mutumin kirki, amma kai, taurin kai kamar rodi! Shekara da shekaru yana tsara wa masu gini jadawalin aiki, da ya koma neman digiri na uku sai ya ɗauki kundinsa ma tamkar gini. Bangon falo duk ya manne shi da takardu, kibiya nan, kibiya can. Ran da likita ya ce a gaggauta cire ƙarin da ke cikinsa, gogan naka ya ɗauki biro ya sama wa tiyatar gurbi: bayan kare kundi.

"Ka haukace ne?" Mai Walda ya tambaye shi a lokacin.

"Zauna ka ji. Akwai aikin da zai iya jira, akwai wanda in ya makara komai ya makara. In na kwanta jinya wa'adin rajistata ya wuce, shekarun nan duk sun tafi a banza. Babi na huɗu kaɗai ya rage, Farfesa ya duba. Mako biyu na ware masa. Shi fa ya koya mana ilimin nan."

"Cikin naka ya halarci ajin?"

Injiniya ya yi dariya har da riƙe ciki. Matarsa ba ta yi ba.

Mako biyu ya cinye damina. Injiniya yana matsar da takardun bango yana ramewa, har ya kai sai matar ce take ciro masa su ta sake mannawa. Ta roƙa, ta yi kuka, ta kira yayyensa. Amsarsa ɗaya: "Saura ƙiris."

Ranar da Allah ya haɗa Mai Walda da Farfesa, a bakin mota ya ritsa shi. Farfesa ya lalubo ambulan ɗin babi na huɗun a kujerar baya, ƙarƙashin wata riga.

"Ai tuni na gama, mantawa nake yi. Aikin ba laifi. Sai dai ka faɗa masa tsarin nasa ya matse da yawa, bai bar sarari don abin da ba a zata ba."

Mai Walda ya ji jini ya hau masa ka. "Ranka ya daɗe, kai ne abin da ba a zata ba! Mutum ya jingine ransa yana jiran bironka, kai kana mantuwa?"

"Wa ya ce ya jira? Da ya yi magana mana."

Abin haushin, nan ma da gaskiyarsa. Mai Walda ya fizge ambulan, bai yi sallama ba. A hanya yana zagin Farfesa, yana zagin Injiniya, yana zagin kansa da bai ɗauke shi cak ya kai asibiti ba. Waya tana ta girgiza a aljihu, bai tsaya ba.

Daga kan kwana ya hango takalma jibge a ƙofar gidan Injiniya.

Matar ta leƙo, idanunta jawur. "Kafin ya cika sai da ya tambaya ko ka dawo." Ta dubi hannunsa. "Farfesan ya karanta?"

"Ya karanta."

"Me ya ce?"

"Ya ce aikin ba laifi."

Ta gyaɗa kai ta koma ciki. Maza suna fito da kujerun falo don a sami wurin zama. Mai Walda ya koma kan babur ya zauna, ambulan a cinyarsa, injin yana ƙas, ƙas, yana hucewa.