Ɗinkin Bahago

Ƙugiya ta ɗago shasin wata babbar mota, wato ƙarfen da ke ɗauke da jikinta, daga tankin asid, ruwa yana tsiyaya daga jikinsa. Fenti ya tafi, tsatsa ta tafi, ƙarfen ya fito tsirara kamar ƙashin wata dabbar da babu irinta yanzu. Tsohon direba ya matso yana gyara tabarau. Shekara biyu ya yi yana kwance motar nan ƙusa-ƙusa a bayan gida. Yau za a tsoma ƙashinta cikin narkakkiyar tutiya, farin ƙarfen nan na kwanon rufi, don kada tsatsa ta sake cin ta.

Ƙanensa mai walda ya rako shi, yana tsaye baya-baya, hannu a aljihu.

"Baba Gyangyaɗi, ka ga amaryarka ba kwalliya," in ji mai tutiya, yana dariya.

Tsohon ya ci gaba da duba shasin. Shekara ashirin da biyu ke nan sunan yana manne da shi, tun ranar da motar ta ƙwace ta faɗa rami da hantsi, karen motarsa ya rasa ƙafa. Ya rantse ya kuma rantsewa cewa motar ce ta fizge da kanta. Kowa ya ce barci ya yi. Ba wanda ya sake ba shi sitiyari. Har matarsa ta rasu tana cewa, "Ba komai, barci ɓarawo ne."

Mai tutiya ya bi shasin da fitila yana duba ramukan iska, sai ya tsaya.

"Baba, wannan fa ya taɓa karyewa. Ga ɗinkin walda nan ta hagu, kusa da sifirin taya. Da can an shafe shi da fenti mai kauri."

"Ta dama muka faɗi," in ji tsohon. "Hagu ko ƙura ba ta taɓa ba."

"To kafin nan aka yi shi. Kuma wanda ya ɗinka ya karkatar da ƙarfen, ya kai faɗin yatsa biyu. Mota mai wannan ai ko mala'ika ne a sitiyari sai ta ja shi."

Tsohon ya sa yatsa ya bi waldar. Tana da ɓawo-ɓawo kamar bayan kifi, amma ɓawon ya kwanta ta baibai. Ya san hannun. Shi ne a ƙofar gidansa, shi ne a gadon da yake kwana. Bahago ɗaya ya sani mai walda, kuma shi ya ari motar kwana uku, mako guda kafin haɗarin, ya dawo da ita a wanke tas.

Ya juya. Ƙanen yana kallon ƙasa.

"Yaya, tsoro na ji. Kullum cewa nake gobe zan faɗa maka."

"Gobe," in ji tsohon. Ya yi ta laluben wanda zai kira ya nuna wa. Karen motar ya rasu bara. Matarsa ta riga shi. Direbobin da suka raɗa masa sunan duk ƙasa ta rufe su, sunan kawai suka bari.

Mai tutiya ya yi gyaran murya. "A yanke a miƙe shi tukuna, ko a tsoma? In ya shiga, shekara hamsin ba abin da zai taɓa shi."

"Ni zan gyara, Yaya. Yau ɗin nan."

"Ka gyara sau ɗaya ai," in ji tsohon. Ya dubi mai tutiya. "Tsoma shi haka."

Shasin ya nutse, tutiya tana tafasa tana tofi. Da ya fito sai ƙyalli, jikinsa duk zanen furanni kamar an zuba azurfa. Amma waldar ta sha tutiya fiye da ko'ina, ta kumbura ta yi duhu, daga bakin ƙofa ma ana hangen ta.

"Baba Gyangyaɗi, a goge wurin nan?"

"Bar shi," in ji tsohon. Ya miƙa wa ƙanensa igiyar ɗaure shasin. "Kama, ɗaure ta hagu. Ka fi ni sanin wajen."