Fumfuna a Labulen Gunnvor

A gidan benen nan mai jan fenti da ke gangaren unguwar Laksevåg ta birnin Bergen, duk wanda ya ji takun Gunnvor Tveit a matakala sai ya waiga ya duba ko takalminsa ya bar taɓo. Girki da kula da gida ta koyar a makaranta har ta yi ritaya, kuma da ta bar aji ba ta bar koyarwa ba, sai ta mai da maƙwabtanta ɗalibai. Ita ce shugabar kwamitin gidan tun mijinta na da rai. A Bergen kuwa, inda ruwan sama ba ya gajiya, shugabar kwamiti ba ta rasa abin yin faɗa a kai.

A watan Afrilu rufin wani banɗaki na ƙasa ya fara ɗiga, 'yan kwamiti suka bi ƙofa-ƙofa suna neman inda ruwan ke fitowa. Suka shiga wurin Tuva Rongved, wata ma'aikaciyar jinya da ba ta daɗe da tarewa a hawa na biyu ba. Mai gyaran famfo ya leƙa ya ce ba daga nan ba ne. Amma idon Gunnvor ya riga ya faɗa kan labulen shawa da aka tattare a lungu, gefensa na ƙasa duk ɗigo-ɗigon baƙi. Ta ɗago shi da yatsa biyu.

"Tuva, wannan labule ne ko gonar naman kaza?"

Mutane suka yi 'yar dariya, irin wadda kowa ke yi don kada a juyo kansa. Gunnvor ba ta saki labulen ba. Ta ce in an gama wanka ba a tattare labule gefe guda, buɗe shi ake yi ya sha iska. Ta ce a bar fanka tana aiki, a bar ƙofa a ɗan buɗe, kada gefen ƙasa ya kwanta cikin ruwa. Duk wata kuma a jefa shi injin wanki tare da tsofaffin tawul, a zuba ruwan khal, a rataye shi a miƙe.

"Abin da nake koya wa yara ke nan a makaranta," in ji ta. "Su ma suna ganewa."

Tuva na tsaye da kayan barci, don ba ta daɗe da dawowa daga aiki ba. Fuskarta ta yi ja har kunne. "To, na ji, Fru Tveit," ta ce. A gidan kowa da sunansa ake kiransa, amma Gunnvor ta ɗauki wannan "Fru" ɗin, wato "Uwargida", a matsayin girmamawa.

Cikin watannin da suka biyo baya, gani ya fara yi wa Gunnvor dishi-dishi. Lambar bas sai ta zo daf da ita take karantawa. Ta daina sayen jarida, ta ce ƙarya ta yi yawa a ciki. In ɗanta Steinar ya kira daga Stavanger ya tambayi lafiyarta, sai ta ce garau, ta koma zancen maƙwabta. Ranar da ta hau kujera za ta cire nata labulen don wanki, ƙugiyoyin suka ɓace mata cikin farin bango, jiri ya ɗebe ta, da ƙyar ta sauko tana riƙe da famfo. Ta ja da baya ta dubi labulen: fari ne tas, da 'yan kifayensa shuɗɗa. Ta ce sai wata mai zuwa. Da sanyi ya shigo ta daina buɗe taga saboda gwiwoyinta. Fankar banɗakin ta mutu a tsakanin nan, ba ta ma lura ba. Sai tari ya kama ta, kullum da safe. Warin da take ji kuwa, ta riga ta yanke daga inda yake hawowa. Har ta gaya wa Oddvar, tsohon matuƙin jirgin fito da ƙofarsa ke kallon tata, cewa yarinyar nan ta ƙasa ba ta ji magana ba.

"Hancinki dai ya ƙi yin ritaya," in ji Oddvar.

A watan Nuwamba aka zo canza bututun hawa na biyu, aka ɗauke musu ruwa. Kwamiti ya raba mutanen hawan ga maƙwabta don wanka. Gunnvor da bakinta ta ce a ba ta Tuva. Ranar farko ta fito da sabon tawul, ta ɗora gahawa, ta soya waina ta yanka cuku mai ruwan ƙasa a kai. Tuva ta shiga banɗakin. Ruwa ya ɗan zuba ya tsaya. Ta fito gashinta a bushe.

"Har kin gama?"

"Sauri nake yi."

"Kin dai ga yadda ake riƙe banɗaki."

Tuva ta tsaya da hannunta a kan ƙofa, kamar mai son yin magana. "Na gani," ta ce, ta sauka ba ta taɓa wainar ba.

Ba ta sake zuwa ba. Gunnvor ta ji a bakin mutane cewa a asibiti take wanka kafin ta dawo gida. Abin ya tsaya mata a rai. Ranar Asabar da rana ta tare ta a matakala, Tuva na hawowa da ledar cefane.

"Ruwana ne bai yi miki zafi ba, ko har yanzu fushin Afrilu kike yi? Gaskiya na faɗa miki, ba zagi ba."

Tuva ta ajiye ledar a kan matakala. Ta duba sama, ta duba ƙasa, ta tabbatar ba kowa. "Mu hau wurinki, Gunnvor. Akwai abin da zan nuna miki."

A banɗakin Tuva ta kunna fitila, ta ɗauki hoton labulen da na rufi da wayarta, ta faɗaɗa na labulen da yatsu, ta miƙa mata. "Kawo shi kusa da idonki."

Gunnvor ta kawo shi har ya kusa taɓa hancinta. Da farko ta zaci hoton wani bango ne a tashar jiragen ruwa. Sai ta ga wutsiyar kifi shuɗiya tana leƙowa daga cikin baƙin. Fumfuna ta cinye labulen daga ƙasa har tsakiya, baƙa a gefe, toka-toka a sama, da wani jan santsi a cikin ninkin. Tuva ta ture hoton da yatsa, wani ya fito: kusurwar rufi, ita ma baƙa.

"Fankarki ba ta aiki," in ji Tuva a hankali. "Tarin nan da nake ji ta rufina kullum da safe, ina jin daga nan ne. Tun yaushe idon ya fara?"

Gunnvor ta tuna sabon tawul ɗin da ta ajiye a nan, ta tuna tambayar da ta yi a bakin ƙofa. Ta miƙa wayar ba tare da ta ɗago kai ba.

"Idona lafiya lau. Cefanenki na matakala, kada wani ya taka."

Da ƙofa ta rufe ta daɗe a tsaye. Sannan ta sa hannu cikin ninkin labulen, inda ba ta taɓa shafawa ba, yatsunta suka fito da santsi. Ta kasa hawa kujera. Ta ɗauko almakashin ɗinki ta yanke labulen iya inda hannunta ya kai, ta bar guntunsa na lilo a jikin ƙugiyoyi. Ta cusa shi a leda, ta cusa ledar a wata ledar.

Washegari Lahadi ta sauka da wuri, lokacin da ta san mutane ba su tashi ba. Ana yayyafi. A wurin zuba shara ta tarar da Oddvar da kwalabensa.

"Gawar wa za a binne da sassafe haka?" Ya ɗaga mata murfin. Ta jefa ledar, ta faɗi a gefen kwandon, ta yi nisa da bakinsa da kusan taku guda. Ledar ta buɗe. Oddvar ya sunkuya ya ɗauka, ya duba, ya jefa ciki ya rufe.

"Na maƙwabta ne," in ji Gunnvor. Ita kanta ta ji yadda maganar ta fito.

"Gunnvor, ni na riƙe wa marigayi mijinki Kåre tsani ranar da ya kafa sandar labulen nan. Na san kifayen." Ya goge hannu a wandonsa. "Yaushe za ki je a duba idon?"

"Ita ta gaya maka?"

"Yarinyar? Ko kalma. Ai ba sai an gaya mana ba. Kwanaki kin gai da rigar ruwana da ke rataye a ƙofa, har kin tambaye ta ya ƙafa. Rigar ta ce da sauƙi."

Ba ta yi dariya ba. "Mana? Ku da wa?"

Oddvar ya sosa ƙeya. "Kowa dai. A taron kwamiti na lokacin kaka kin karanta takarda a juye, daga ka kike faɗa. Farar rigarki ta zuwa taro kuma, akwai miya a gabanta tun rani."

"Kuma ba wanda ya buɗe baki."

"Wa zai gaya miki? Ke fa ce."

Ta hau matakalar tana riƙe da ƙarfen gefe. A kowace ƙofa da ta wuce sai ta ji kamar akwai mai tsaye a bayanta yana sauraron takunta. Ashe duk watannin nan da take yi musu faɗan tabarmar ƙofa, kallon miyar rigarta suke yi suna cewa to. Ta wuni ba ta ci komai ba. Rigar ta ciro daga kabad, ta shafa gabanta, ta ji wurin ya bushe ya yi tauri.

Ranar Litinin da la'asar ta ƙwanƙwasa ƙofar Tuva. Ta shirya magana tun a sama, amma da aka buɗe sai ta watse.

"Na zo ne... ba na iya kai hannu ƙugiyoyin."

Tuva ta jingina da ƙofa ta naɗe hannu. "Shi ke nan abin da kika zo faɗa?"

"A'a," in ji Gunnvor. "Abin da na yi miki a gaban mutane. Da na ja ki gefe."

"Da kin ja ni gefe," in ji Tuva. "A wancan makon aka kwantar da mahaifiyata a asibiti a garin Førde. Ina fita aiki, ina hawa bas in je in gan ta, in dawo in sake fita aiki. Labule ne ƙarshen abin da ke raina. Da kuka fita na zauna a ƙasan banɗakin na yi kuka. Rannan da na ga naki, kin san me? Na ji daɗi. Har na ɗauko waya zan tura wa ƙawata hoto. Ban tura ba, amma na ji daɗi."

"Da kin tura ma ba ki yi laifi ba."

"Ban ce ki ba ni izini ba." Tuva ta juya ciki. "Bari in ɗauko safar hannu."

Aikin ya ci yammacin gaba ɗaya. Tuva ta ɗaure hanci da baki, ta buɗe taga, ta hau kujera ta cire guntun labulen, ta goge sandar da rufin da tsakanin tayil. Oddvar ya zo da akwatin kayan aikinsa ya kwance fankar, ya ce ta daɗe da rasuwa, gobe zai sayo wata. Gunnvor na zaune a kan ƙaramar kujera a bakin ƙofa, hannuwanta a cinya. Ba ta taɓa zama tana kallo ana share mata gida ba. Can ta kasa daurewa.

"Kada ki haɗa ruwan khal da bilic, hayaƙinsu..."

"Na sani, Gunnvor. A asibiti nake aiki."

Sabon labulen da Tuva ta kawo fari ne, ba zane ko ɗaya, an ɗan rage masa tsawo don kada ya taɓa ruwa. Ta rataye shi a ƙugiyoyi masu buɗewa da matsi ɗaya, ta kama hannun Gunnvor ta ɗora a kai har ta iya buɗewa da kanta. Kafin ta tafi ta tsaya a kanta sai da ta kira likita.

Yanar ido ce ta rufe idanun biyu, aka ce, kuma aikin ba wuya. Bayan sabuwar shekara aka yi na dama. Ranar da aka cire bandejin ta dawo gida da rana tsaka, ta bi ɗakunanta ɗaya bayan ɗaya kamar baƙuwa. Ta ga maiƙo a bangon murhu, ta ga yanar gizo a kan hoton aurenta. Ta buɗe kabad ta ɗauko kofunan da take ba baƙi gahawa a ciki, ta ga zoben baƙi a gindin kowanne. Ta yi ta lissafa waɗanda suka sha a cikinsu suka ce an gode.

A taron kwamiti na gaba ta ce ta sauka daga shugabanci. Ba ta faɗi dalili ba, ba kuma wanda ya tambaya. Ita da Tuva ba su zama ƙawaye ba. Suna gaisawa a matakala, Tuva ta tambayi tari, ita ta tambayi jikin mahaifiyarta, kowa ya wuce. Har yanzu Gunnvor ce ke fara sunkuyar da kai.

Steinar ne na ƙarshe da ya ji. Ta kira shi wata Lahadi bayan an yi ido na biyu, ta gaya masa komai a jere, ba ta bar labulen a baya ba.

"Mama, me ya sa ba ki faɗa min ba?"

"Ga shi ina faɗa maka." Ta ɗaga kai ta dubi rufin ɗakin girki, inda fenti ya kumbura ya fara ɓarewa. "In za ku zo hutun Ista ka taho da tsani. Akwai aiki a nan."